TARIHIN MARIGAYI UMARU GANDA, ƊAN CI-RANIN DA YA AJIYE SUNAN ARO

Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal ya san cewa ba kasafai sunan yanka yakan haye kogin Kwara tare da mai shi ba. Saurayi zai baro Bobi a ƙasar Kontagora bayan an gama girbin dawa, ya shiga mota ya bi ta Mokwa ya ƙetare gadar Jebba, kafin ya cika wata uku a Agege ko Apapa ya riga ya zama Ɗan Kontagora, ko Dogo, ko kuwa abokan kwana su liƙa masa sunan wani jarumin silima da suka gani ran Asabar da dare. Wani yakan koma gida ya bar sunan a tasha. Wani kuwa sunan yakan bi shi har kabari, a manta da wanda aka raɗa masa ran suna.

Wannan tarihin wani ɗan ci-rani ne daga Jumhuriyar Nijar, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, aka san shi da sunan wani ɗan wasan Amurka mai fitowa a finafinan 'yan fashi da binciken kisan kai. Da wannan sunan aro duniya ta fara saninsa. Daga baya ya koma gida ya ajiye shi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sana'ar shirya fim a Afirka ta Yamma. Sunansa Umaru Ganda, Faransawa kuwa suna rubuta shi Oumarou Ganda.

Haihuwarsa Da Shigarsa Soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin shekarar 1935. Bazabarme ne. A lokacin nan Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa, Yamai kuwa ƙaramin gari ce a bakin kogi, domin ba ta daɗe da karɓar hedkwatar mulki daga Damagaram ba. Ya yi karatun firamare a nan garinsu, ya iya karatu da rubutu da Faransanci, amma bai wuce nan ba. Aikin ofis a wancan zamani na 'yan kaɗan ne, yaron da ba shi da mai riƙe masa hannu kuwa sai gona, ko dako, ko kaki.

A 1951, yana da shekara 16, ya shiga sojan Faransa. A sa'an nan Faransa tana tsakiyar yaƙi a ƙasar da ake kira Indo-Caina, watau yankin da Biyetnam da Lawos da Kambodiya suke a yau. Mutanen Biyetnam, a ƙarƙashin Ho Chi Minh, sun tashi tun 1946 suna neman 'yancin kansu, Faransa kuwa ta yi ta kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana kai su bakin daga. Ta haka yaron Yamai ya sami kansa cikin fadamun shinkafa na Asiya, ɗan ƙasar da ake mulka yana harbin 'yan wata ƙasar da ake mulka, domin amfanin mai mulkinsu duka biyu. Ya yi shekara biyu a can.

Ran 7 ga watan Mayu 1954 sansanin Faransa na Dien Bien Phu ya faɗi, cikin watan Yuli kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar Janeba, Faransa ta tattara nata ya nata. A 1955 aka sallami Ganda ya komo Yamai. Masu karatu da suka taso suka tarar da tsofaffin sojan Bama a garuruwansu sun san yadda irin wannan dawowa takan kasance. Akan yi murna kwana biyu, a ci 'yan kuɗin sallama tare da mutum, daga nan kowa ya kama gabansa. Ganda ya nemi aiki a Yamai bai samu ba. Sai ya yi abin da dubban samarin Nijar suke yi a lokacin, ya nufi kudu bakin teku.

Zaman Abijan

Abijan, babban birnin Kwaddebuwa a wancan lokaci, tana cikin bunƙasa ne sa'ad da ya isa. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi wanda ya haɗa tafkin birnin da teku, manyan jiragen ruwa suka sami hanyar shigowa har cikin gari. Koko da kofi da katako suna fita, siminti da yadi da motoci suna shigowa, kowane buhu kuwa sai an sami kan da zai ɗauke shi. Mutanen arewa suka yi ta kwarara, daga Nijar da Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Mafi yawansu a unguwar Treichville suke sauka, wadda take hayin tafki daga unguwar Turawa da ofisoshi. Matsayinta a Abijan kamar na Sabo ne a Ibadan ko Shagamu, sai dai ta fi su girma da hayaniya.

Ganda ya shiga sahun leburorin tasha. Irin aikin nan ne na kullum-kullum: mutum ya yi sammako ya tsaya bakin ƙofa, in an ɗauke shi ya ci abinci, in ba a ɗauke shi ba ya koma ya jira gobe. Ga kuɗin ɗaki, ga kuɗin jirgin fito, ga na gida suna sa ran aike. Baƙo kuwa ko yaushe a ɗarare yake, domin a watan Oktoba 1958 ma an yi tarzoma a Abijan aka kori mutanen Dahome da Togo da yawa daga birnin. A irin wannan zama mutum ba ya son kowa ya san asalinsa, saboda haka sunan aro yakan zama kamar riga ce da ake sawa a fita da ita.

Abin da yake ɗebe wa samarin Treichville kewa a ƙarshen mako shi ne rawa da dambe da silima. Daga silima suke samo sunaye. Akwai Tarzan, akwai Eddie Constantine, akwai budurwa Dorothy Lamour. Shi kuwa Ganda aka sa masa Edward G. Robinson.

Mai Sunan Na Asali

Ya kamata a san ko wane ne mai wannan suna, domin akwai abin mamaki a ciki. Edward G. Robinson shi ma sunan aro ne. Sunansa na yanka Emanuel Goldenberg, Bayahude ne da aka haifa a Bukares ta ƙasar Romaniya a 1893, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa New York yana ɗan shekara 10. Da ya shiga wasan kwaikwayo sai ya sake suna domin ya shige cikin Amurkawa. Ashe ɗan ci-ranin Yamai ya ari sunan ne daga wani ɗan ci-ranin da shi ma aro ya yi.

Robinson gajere ne, mai faffaɗar fuska, ba shi da kyan da ake nema ga jarumi. A 1931, ba a daɗe da fara sa murya a fim ba, ya fito a Little Caesar, labarin wani ƙaramin ɓarawo da ya shigo babban birni, ya yi ta kisa har ya zama uban 'yan daba, daga bisani ya mutu a wulaƙance a bayan allon talla. Daga littafin W. R. Burnett aka ɗauko labarin. A 1944 kuma ya fito a Double Indemnity, wanda aka ɗauko daga littafin James M. Cain. A nan shi ne mai binciken kamfanin inshora. Wata mata ta haɗa baki da wani ma'aikacin kamfanin suka kashe mijinta don su ci kuɗin inshorarsa, mai binciken ya yi ta bin sawu, bai sani ba ashe mai laifin abokin aikinsa ne da suke shan taba tare kullum.

Irin waɗannan finafinai suna da kamanni ɗaya. Yawancinsu da dare ake yin su, cikin lunguna da ɗakunan haya da mashaya, hoton baƙi da fari ne, inuwa ta fi haske yawa. Kwaɗayin kuɗi ko na mace shi yake jan mutum, a yi kisa, a zo ana bincike, a ƙarshe kuma a tarar ba wanda hannunsa yake da tsabta sarai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, masu sharhin fim na Faransa suka sa musu suna film noir, watau baƙin fim. Shi ma Eddie Constantine da aka ambata Ba'amurke ne da ya yi suna a Faransa, yana fitowa a matsayin Lemmy Caution, ɗan sandan ciki mai saurin kai naushi, wanda marubucin Ingila Peter Cheyney ya ƙago.

Ba abin mamaki ba ne leburan tasha ya ga kansa a cikin waɗannan labarai. Jaruminsu baƙo ne a birni, aljihunsa wayam, yana ganin dukiya ta cikin gilashi, kuma ya san doka ba dominsa aka yi ta ba. A Kano ma haka abin yake tun da aka buɗe silimar Rex a 1937, samari suna fitowa daga kallo suna kwaikwayon tafiyar jarumi da yadda yake karkata hula.

Haɗuwarsa Da Jean Rouch

A Abijan ne Ganda ya gamu da Bafaranshen da ya sauya masa rayuwa. Jean Rouch injiniya ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 aikin hanya, daga baya ya koma binciken al'adun Zabarmawa da Sonwai, yana yawo da ƙaramar kyamara. Ya riga ya bi 'yan ci-ranin Nijar zuwa Gwalkwas, watau Gana ta yau, ya ɗauki hotunansu a Ankara da Kumasi. Da ya zo Kwaddebuwa yin irin wannan bincike sai ya bukaci wanda ya iya Faransanci da Zabarmanci, ya kuma san lungunan Treichville. Ya ɗauki Ganda aikin ƙidayar baƙi da yi musu tambayoyi.

Daga nan shawarar yin fim ta taso. A 1957 Rouch ya yi wata shida yana bin Ganda da abokansa da kyamara, a wurin aiki, da bakin teku, da gidan rawa, da masallaci. Ba a rubuta labari ba, an bar kowa ya yi abin da ya saba, ya kuma kwaikwayi mutumin da yake mafarkin zama. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, saboda haka bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana a kansu, abin da ya zo bakinsa shi aka naɗa. Wannan murya tasa, mai ba'a da ƙorafi da alfahari a haɗe, ita ce ran fim ɗin. Tun a farkonsa ya bayyana cewa ba zai faɗi sunansa na gaskiya ba, domin shi baƙo ne a Abijan.

Aka sa wa fim ɗin suna Moi, un Noir, ma'anarsa Ni, Baƙin Mutum. Kalmar nan noir ita ce dai wadda Faransawa suka sa wa finafinan Robinson na asali. An nuna mako guda na rayuwar lebura: wahalar ranakun aiki, shagalin Asabar, sallah da rawa ran Lahadi, sa'an nan Litinin ta dawo da gaskiyarta. Robinson na Treichville yana mafarkin zama zakaran dambe na duniya, yana son Dorothy Lamour, amma ya wayi gari ya tarar wani Bature ɗan Italiya ma'aikacin jirgin ruwa ya kwana a ɗakinta, suka yi dambe a cikin taɓo. Shi kuwa Petit Touré, wanda ake kira Eddie Constantine, ya shiga rigar Lemmy Caution har ta wuce wasa, ya yi faɗa da ɗan sanda, aka ɗaure shi wata uku ana tsakiyar ɗaukar fim. A ƙarshe an ga Ganda yana tafiya a bakin tafki yana kwatanta wa wani yaro yadda ake kwanciya a ƙasa da jefa gurneti a Indo-Caina.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa. Samarin masu shirya fim na Faris, irin su Jean-Luc Godard, suka yaba shi ƙwarai, suka koyi fita titi da ƙaramar kyamara daga gare shi. Amma fa sunan Rouch ne a kan fim ɗin. Rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, yaƙin da aka ba da labari shi ya yi shi, mai kyamara kuwa shi ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yanke. Ba Ganda kaɗai wannan al'amari ya shafa ba. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya fito fili ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon mutanen Afirka kamar yadda masana suke kallon ƙwari. Duk da haka ba a musun cewa Rouch ne ya buɗe wa Ganda ƙofa, shi ne kuma ya ƙarfafa masa gwiwar komawa gida.

Komawa Gida

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, Diori Hamani ya zama shugaban ƙasa. Ganda ya koma Yamai ya sami aiki a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, inda aka kafa wata ƙungiya ta koya wa samari aikin fim. A nan ya koyi riƙe kyamara da harhaɗa hoto da tsara labari. Ba shi kaɗai ba ne. Mustafa Alasan ya riga ya fara tun 1962, a 1966 kuma ya yi wani fim a kan saurayin da ya dawo daga tafiya ya rabar wa abokansa kayan kaboyi, suka ɗauki sunayen Amurkawa suka addabi ƙauyensu. Watau cutar sunan aro ba a Treichville kaɗai take ba, kuma masu fim na Nijar sun gane ta tun da wuri.

A 1968 aka yi gasar rubuta labarin fim, Ganda ya shiga da labarin da ya daɗe yana cinsa a rai. Daga nan aka sami Cabascabo, fim ɗinsa na farko, baƙi da fari, na minti 45, cikin harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya shirya, shi ne kuma ya fito a matsayin jarumin. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indo-Caina da kuɗin sallama. Abokai da maroƙa da matan bariki suka kewaye shi, yana ba da labarin yaƙi yana rabon kuɗi, har aljihu ya bushe. Da ya bushe sai aka watse aka bar shi. Ya nemi aiki, ya sha wulaƙanci a wurin leburanci, waɗanda ba su kai shi ba suna ba shi umurni. A ƙarshe ya saɓa kayan aikinsa ya nufi karkara don ya koma noma.

Wannan shi ne labarin da aka taɓa kaɗan a fim ɗin Rouch, amma yanzu mai shi ne yake ba da shi da harshen uwarsa, kuma Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A 1969 aka nuna Cabascabo a bikin finafinai na Cannes a Faransa, a sashen da masu sharhi suke zaɓen sababbin masu fim, a wannan shekara kuma ya sami takardar yabo a bikin Mosko. Daga ran nan ba a ƙara neman Edward G. Robinson na Treichville ba. Umaru Ganda ake gayyata.

Duhun Cikin Gida

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya fito a 1970. Kalmar wazzou 'yar'uwar wa'azi ce a Hausa. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka ana ce masa Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi suka yi aikinsu, iyaye suka juya baya ga alkawari, Garba ya bar gari cikin baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu kuwa ta ƙudura cewa amarya ba za ta shigo gidan ba, ta shirya kashe ta da dare. Cikin duhu mugun nufinta ya faɗa kan wata yarinya daga cikin ƙawayen amarya, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Wanda ya san finafinan Robinson na asali zai ga ƙashin bayansu a nan: kwaɗayi, da kuɗi, da kisa cikin dare, da mutumin kirki a idon jama'a wanda shi ne tushen ɓarnar. Bambancin shi ne babu bindiga, babu doguwar kwat, babu ɗan sandan ciki. Ganda ya ɗauke duhun daga lungunan Amurka ya kawo shi tsakar gida irin wanda kowane mai kallo a Yamai ko Maraɗi ko Sakkwato ya sani. Tambayar da ya bar wa jama'a ita ce wa ya kashe yarinyar nan a gaskiya: mai kishin da ta kai hannu, ko Alhajin da ya sayi abin da aka yi wa wani alkawari, ko iyayen da suka karɓa?

An fara bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wanda ake kira FESPACO, a 1969. A 1972 aka fara ba da babbar kyautarsa, Dokin Yennenga, kuma wannan fim na Ganda shi ne ya fara cin ta. Tsohon ɗan dakon Abijan ke nan ya zama na farko a jerin da manyan masu fim na Afirka suke ta neman shiga har yau. Sai a 2007 ɗan Nijeriya ya ci wannan kyauta, watau Newton Aduaka da fim ɗinsa Ezra.

A 1972 ya yi Saïtane, watau Shaiɗan. A nan ya taɓo wani wuri mai zafi, domin labarin wani malamin tsibbu ne da ya mai da allonsa hanyar cin abinci, har ya zama shi ne ɗan aike tsakanin wata matar aure da wani mai kuɗi da yake nemanta. Ganda Musulmi ne, bai kuwa yi faɗa da addini ba. Waɗanda yake tonawa su ne masu fakewa da rawani da carbi su cuci talaka. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, kuma 'yan wasansa sun ɗanɗana kuɗarsu. Zalika Sule, wadda ta fito a finafinansa tun daga Cabascabo, ta sha zagi da tsangwama a gari, domin mutane da yawa a lokacin ba su rarrabe tsakanin 'yar wasa da muguwar matar da take kwaikwaya. Ta rasu a 2021.

Fim ɗinsa na ƙarshe, kuma mafi tsawo, shi ne L'Exilé na 1980, watau Mai Gudun Hijira. Wani jakadan Afirka ne da ya bar ƙasarsa yake ba abokansa Turawa tatsuniya. Wani sarki ya ji 'yan'uwa biyu suna cewa da za a ba su 'ya'yansa mata, sun yarda a fille musu kai. Sarki ya aura musu, bayan shekara guda kuma ya nemi su cika magana. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗaya ya gudu ya yi ta yawon duniya har ya sami sarauta a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta daina binsa ba sai da ya ba da ransa. Magana zarar bunu ce. Mutumin da ya fara da ɓoye sunansa a baƙon gari, da labarin nauyin kalmar baki ya rufe aikinsa.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga watan Janairu 1981, bayan ciwon zuciya, yana da shekara 45. Gwamnatin Nijar ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, bikin FESPACO kuma ya keɓe kyauta da sunansa wadda ake ba wanda ya fi kowa a cikin masu fitar da babban fim na farko.

Bayan rasuwarsa sana'ar fim a Nijar ta yi sanyi ƙwarai. Dalili kuwa a bayyane yake. A zamaninsa kan faifan fim ake ɗauka, mai tsada, kuma sai an kai shi Faransa a wanke a harhaɗa. Gidajen silima na Afirka ta Yamma kuwa 'yan kasuwar waje ne suke cika su da finafinan Indiya da Amurka da na kokawar Sin, waɗanda suke samu da araha. Saboda haka sau da yawa fim ɗin Ganda ya fi sauƙin gani a Faris bisa ga Damagaram. A Nijeriya ma haka Adamu Halilu ya sha fama da Shaihu Umar na 1976, wanda ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai da kaset na bidiyo ya zo, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sa'an nan fim cikin harshen gida ya shiga ɗakin talaka. Jean Rouch kuwa ya rayu har 2004, ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai, garin yaron da ya ɗauka aikin ƙidaya.

Samarin da suke fitar da finafinan Hausa a yau, da yawansu ba su taɓa ganin aikin Ganda ba, alhali kuwa auren dole da kishi da malamin tsibbu da suke ta juyawa, shi ya riga su sa su a gaban kyamara da shekara ashirin. Ya cancanci su neme shi su kalla.

Ga ɗan ci-rani kuwa, ko a Mile 12 yake sauke buhun albasa, ko a Apapa yake jiran a kira lebura, tarihin nan nasa ne. Ganda ya sha irin ranar da yake sha, ya kwana a irin ɗakin da yake kwana, ya amsa sunan da ba nasa ba shekara da shekaru. Bai raina zaman bariki ba, domin a can ya koyi sana'ar da ta ɗaukaka shi. Sai dai ya gane cewa kayan aro ba ya rufe katara, ya kwashi abin da ya koya ya kai gida. Yau a Yamai ko ƙaramin yaro ka tambaya ina ne Umaru Ganda zai nuna maka hanya, amma ba mai nuna maka gidan Edward G. Robinson.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya kuma mai da kowane matafiyi gida lafiya da abin da ya fita nema, amin.